Faifan sola: a kan titi ko a kan rufi?

A Disamban 2016 Faransa ta shimfiɗa faifan sola a titi mai tsawon kilomita 1 a ƙauyen Tourouvre, kan Yuro miliyan 5. Alfanunsa dai, ba ya cin gonar kowa. Amma faifan da ke kwance ba ya samun rana sosai, ga inuwar motoci, ga ruɓaɓɓen ganye yana rufe shi, taraktocin manoma kuma suka farfasa shi. Ƙarar tayoyi ta sa aka rage gudu zuwa kilomita 70 a awa.

Na kan rufi kuwa a karkace yake, iska na sanyaya shi ta ƙasa, tsumma da ruwa sun isa a goge shi. Ni nan na fi so a zuba kuɗin.