Farantin renon iri: ya biya kuɗinsa, amma takardarsa ba ta Kaduna ba ce

Baƙin farantin roba ne mai ramuka 128, irin wanda ake samu a shagunan kayan noma. Na saye shi tare da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa da ake zubawa a madadin ƙasa, saboda ɗan lambun da ke bayan gidanmu a Unguwar Rimi.

Amfaninsa sai ranar dashe ake gani. Renon da aka yi a ƙasa, wajen cira saiwa ke tsinkewa, shuka ta yi ta yaushi kafin ta farfaɗo. Wannan kuwa ka danna gindin ramin da yatsa, tsiron ya fito da dunƙulensa, fararen saiwoyi sun nannaɗe shi tsaf. Na dasa tumatur bayan la'asar, na ba shi ruwa, gari ya waye ganye a miƙe.

Inda muka raba gari shi ne takardar da aka haɗo da shi, wadda ta ce a shuka tumatur a watan Maris. A Kaduna ai Maris da Afrilu tsakiyar bazara ce, zafi kan kakkaɓe fure tun bai ƙulla ɗa ba. Masu lambu a bakin kogin Kaduna suna zuba iri ne daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, damina na ja da baya, su dasa bayan mako 3 zuwa 4, idan ganye ya kai 4 ko 5, don sanyin hunturu ya tarar da shi a ƙasa. Attaruhu da tattasai suna da nawa, sukan kai mako 6. Kabeji da latas su ma 'yan hunturu ne. Karas kuwa kada ma ya ga farantin, dashe na lanƙwasa shi ya yi rassa. Shi da kuɓewa a shuka su inda za su zauna.

Yana da nasa wahalar. Ramukan ƙanana ne, iskar hunturu na busar da su nan da nan, dole ban ruwa safe da yamma. Ɓawon kwakwar ma ba abinci a cikinsa, idan ba a tsarma ɗan taki a ruwa ba ganye zai yi ɗorawa. Robar kuma ba ta jure rana, gefen nawa har ya fara tsagewa. Ni dai tsohon gidan sauro nake lulluɓa masa, saboda ƙadangaru da kajin maƙwabta, da kuma tsutsar nan da ta cinye tumatur a 2016 har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta.

Mai shuka tumatur, barkono ko kabeji ya saya. Wanda alayyafo da yakuwa kawai yake yi ya riƙe kuɗinsa, watsa su ake yi a fangali su fito.