Ajin haɗa mutum-mutumi na lokacin hutu a Kano: abin da na gani cikin makonni shida

A dogon hutun da ya wuce na sa 'yata mai shekara 12 a wani ajin koyar da yara haɗa mutum-mutumi da sanin ƙirƙirarriyar basira, a wata ƙaramar cibiya da ke kusa da titin Zoo Road. Sau uku a mako ake zuwa, daga safe zuwa azahar, kuma da yake ni nake kai ta in ɗauko ta, na samu damar zama a bayan aji sau da dama. Kuɗin da ake biya ba kaɗan ba ne ga mai albashin wata, don haka ya dace uba ya san abin da zai saya kafin ya miƙa kuɗinsa.

Makonni biyu na farko an yi su ne a kan Scratch, manhajar da Mitchel Resnick da abokan aikinsa na jami'ar MIT a Amurka suka fitar a 2007, wadda yaro ke jera umarni a cikinta kamar mai ɗora bulo. Resnick ɗalibin Seymour Papert ne, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi aiki tare da Jean Piaget a Janiba, kuma yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro harshen Logo a 1967. Ra'ayin Papert shi ne yaro ya zama shi ke ba kwamfuta umarni, ya gina abu da hannunsa, ya yi kuskure, sannan ya bi sawun kuskuren har ya gano inda ya faro. Malamin ajin bai taɓa ambaton sunansa a gabana ba, amma na ga hannun wannan dattijo a yadda yake tafiyar da darasi, domin ba ya gaggawar ba yaro amsa.

Inda na fi gamsuwa shi ne mako na uku da na huɗu, lokacin da aka raba yaran gida-gida, aka ba kowane rukuni allon Arduino, wato ɗan ƙaramin allon lantarki da ake ba umarni ta kwamfuta, da injina biyu ƙanana da tayoyi da batir da na'urar auna tazara, domin su haɗa ƙaramar mota mai kauce wa bango. Wannan na'ura tana aika sautin da kunnen ɗan Adam ba ya ji, ta jira ya bugi abu ya dawo, kamar yadda jemage ke gane hanya cikin duhu. Da yake sauti na tafiya kimanin mita 343 cikin daƙiƙa ɗaya, daga lokacin da ya ɗauka ake lissafa nisan bango. Motar rukunin 'yata ta yi kwana biyu tana karo da bango, malamin kuwa ya ƙi taɓa ta, sai dai ya tambaye su ko sautin tafiya ɗaya ya yi. Da daddare muna cin tuwo ta ajiye cokali ta ce, "Baba, zuwa da dawowa ne, ai sai an raba biyu." Wannan daren kaɗai ya biya ni rabin kuɗina.

Kayan aikin ba su wadata ba. Yara biyar ne a kan allo ɗaya, kuma kamar yadda aka saba, mai baki da ƙarfin hali shi ke riƙe waya, mai kunya kuwa sai kallo. An yi dabara da aka ware wa 'yan mata rukuninsu. Suna da sola, saboda haka ɗauke wuta bai taɓa tsayar da darasi ba, sai dai ɗakin yana da zafi idan rana ta take.

Ɓangaren ƙirƙirarriyar basira ne ya gaza abin da aka rubuta a takardar talla. An ba shi mako guda kacal, kuma mafi yawansa ya tafi a kallon bidiyo da Turancin da yaran makarantun gwamnati ba sa iya bi. Rana ɗaya ce aka yi aikin ƙwarai, da manhajar Teachable Machine ta Google, inda yaran suka nuna wa kyamara hotunan goro da na dabino domin kwamfuta ta koyi bambanta su. Ta koya, har sai da wani yaro ya ɗora dabino a kan farantin da aka ɗauki duk hotunan goron, nan take ta ce goro ne. Ashe farantin ta haddace. A ganina babu darasin da ya fi wannan daraja a duk makonni shidan, domin shi ne ainihin yadda irin wannan na'ura ke ɓata: abin da aka ciyar da ita shi take maimaitawa, ko da ba shi aka yi nufin koya mata ba. Malamin ya yi dariya ya ce a sake ɗaukar hotunan, ya wuce. Da na yi masa magana bayan an tashi, ya ce, "Alhaji, lokaci ne ya ƙure mana," kuma na yarda da shi, amma tsarin da ya ba bidiyo kwana biyu ya hana wannan tambaya rabin awa yana bukatar gyara.

Wanda yaronsa ke tsakanin shekara 10 zuwa 14 kuma yake son kwance rediyo ya ga cikinta zai amfana da wannan aji, muddin ya shiga da sanin cewa haɗa mutum-mutumi zai koya, ƙirƙirarriyar basira kuwa ɗanɗano ne kawai. Kafin a biya, a tambayi yara nawa ke kan allo ɗaya, a kuma tambaya ko malamin yana bayani da Hausa, domin namu yana yi idan an nema. Ba a barin yaro ya tafi gida da kayan, shi ya sa a makon da aka rufe na shiga kasuwar Sabon Gari neman allon Arduino, kuma har yanzu motar tana tsakar gidanmu tana kauce wa turmi.