Saƙo daga Minneapolis: ƙofar gareji da kuɗin wuta

Assalamu alaikum Hamma. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Dada. Na ga hotunan ginin Tumfure, Allah ya sa a gama lafiya. Ka ce mai walda na jiran amsarka kan ƙofar gareji, kuma ka ji an ce a nan har ƙofa ake sa wa rigar sanyi. Haka ne, ni ma na sa wa tawa kafin hunturun bana.

Gidajen nan yawanci na katako ne, garejin kuma manne yake da gidan, bango ɗaya ke raba su, wani ma da ɗakin kwana a samansa. Ƙofar ba irin get ɗinmu mai buɗewa biyu ba ce. Falle-falle ne na siririn ƙarfe da aka jera a kwance, injin ya ja su sama su kwanta a ƙarƙashin silin. Ta mota ɗaya faɗinta ƙafa 8 ko 9, tsayi ƙafa 7. Ta mota biyu ƙafa 16. A watan Janairu a Minnesota darare da yawa sanyi na wuce digiri 15 ƙasa da sifili, kuma a ƙarshen Janairun 2019 sai da ya kai wajen 33 ƙasa da sifili a garin nan. Ƙarfe ba ya riƙe komai, sanyin waje shi ne na ciki. Hita kuwa da iskar gas take aiki, duk ɗumin da ya tsere ta wannan bango sai ka gan shi a bil ɗin ƙarshen wata.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake sayar da kayan. Ka shiga manyan kantunan kayan gini irin su Home Depot ko Menards, za ka tarar da su a kwali, an riga an yanka falle takwas daidai da ƙofar mota ɗaya. Iri uku ne. Akwai farin soso mai tauri, irin wanda ake tallafe sabon firji da shi a kwali. Akwai audugar gilas mai rigar leda a fuska ɗaya, wadda in ta taɓa fata sai ƙaiƙayi. Sai kuma leda mai ƙyalli da ke mayar da zafin rana baya. Kowane kwali na ɗauke da harafin R da lamba a gefensa, wato ƙarfin abin wajen tare zafi ko sanyi, kuma tun wajen 1980 hukuma ta tilasta wa masu sayar da irin waɗannan kayan gida su rubuta lambar. Soson ƙofa yakan zo tsakanin R-4 da R-5, audugar gilas R-8. Don ka ga bambanci, saman silin a jihar nan R-49 zuwa R-60 ake so. Na sayi nawa a kewayen dala 100, kuma mafi yawan kaya a irin waɗannan kantuna kana da kwana 90 ka mayar in ba su yi maka ba. Ka tuna da masu kayan gini a Sabuwar Kasuwa: kwano ne, sai ka lanƙwasa shi da yatsa ka yarda da rantsuwar mai shago. Mutanenmu ba su fi na nan son zuciya ba, a nan dai lamba ce ke tsare kowa.

Amma kada ka ɗauka komai na nan ya fi. Ma'aikaci tsada gare shi ba kaɗan ba. Ka kira mai gyaran ƙofa, kuɗin zuwansa kaɗai, tun bai ɗaga guduma ba, na iya kamo kuɗin kayan, kuma sai ya ba ka rana kamar ganin likita. Shi ya sa likita da direban tasi kowa ke da akwatin kayan aiki a gida, ranar Asabar ka ga mutum da tef ɗin awo da reza. Ni ma da hannuna na yi. A Gombe kuwa waya ɗaya za ka buga, mai walda ya zo da yaransa a kan mashin, ya auna, ya ƙera maka abin da kake so ko da ba a taɓa yin irinsa ba. Wallahi wannan ni'ima ce da ba mu san darajarta ba. A nan in ƙofarka ta kauce wa awon da aka saba, kuɗi ya tashi.

Wuri ɗaya ne ba na wasa da shi: sifirin. A saman ƙofar akwai wani murɗaɗɗen sifirin da ke ɗauke nauyinta, an ɗaure shi daidai nauyin da ta zo da shi daga masana'anta, kuma na gama-gari an yi shi ne don buɗewa da rufewa sau 10,000. Ka ƙara mata soso, nauyi ya canza. Gwajin mai sauƙi ne: ka cire ta daga injin, ka ɗaga ta da hannu zuwa rabi, ka saki. In ta tsaya, lafiya. In ta sulalo ƙasa, a kira mai sana'ar, don sifirin ɗin nan yana karya hannu.

To, ya rage bil? Kaɗan. Masu tallar kayan na cika baki. Garejin da ba a ɗumama shi ba ɗaki ba ne, ribar tana ga bangon da ya haɗa shi da gida da kuma ɗakin da ke sama. Ɗakin yaran dai ya daina sanyin ƙasa da asuba, mota na tashi ba gardama, ƙarar titi ma ta ragu. Kamfanonin wuta da na gas a nan suna da tsarin turo ma'aikata su duba gida a kan kuɗi kaɗan. Su toshe ƙofar shiga da wata babbar fanka ta zuƙe iskar ciki, su bi bango da kyamara mai ganin zafi. Abin da suka nuna mini ya fi soson muhimmanci: robar gindin ƙofar da ta bushe ta tsattsage, da ramukan gefe da ake hango haske ta ciki. Kular abinci komai kaurinta, in murfin bai rufu ba tuwo zai huce. Wani abin mamaki, kamfanin da ke sayar maka da gas shi ne ke koya maka rage sha. Jihar ma na da doka daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu: in ka yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan kuma kana cikawa, ba a yanke maka abin ɗumama gida.

Yanzu ga naka. Mu sanyi muke tarewa, ku zafi, amma aikin ɗaya ne. A watan Maris da Afrilu Gombe na taɓa digiri 40, kuma tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, ga fetur tun cire tallafi a 2023, duk awar da esi ta yi tana aiki kuɗi ne. Shawarata kada ka fara da ƙofa. Zafin gidajenmu daga sama yake saukowa. Ka zaɓi kwano mai farin launi, ko da madam ta fi son baƙi ko ruwan ƙasa na yayi. A shimfiɗa leda mai ƙyalli a ƙarƙashinsa, a bar tazarar iska tsakaninsu, don in ta manne da kwanon ba ta aiki. A bar kafofin iska tsakanin kwano da silin, a sa musu raga saboda jemagu. Ɗakin soron Kaka na ƙasa da azara bai taɓa ganin fanka ba, amma ka san yadda yake da azahar. Kaurin bango ne.

Ƙofar kuwa, in yamma take kallo, ranar la'asar za ta gasa ta. Ka sa mai walda ya yi ta falle biyu, a cusa farin soson a tsakiya bayan an gama walda, don yana narkewa kuma yana cin wuta. Ya ƙara ƙarfin hinjis saboda nauyi. A shafa mata farin fenti, a sa roba a gindi, ƙurar hunturu da kunama su tsaya a waje. In da hali a yi mata rumfa ko a dasa darbejiya a gabanta. Gara na ratsa soso, sai a rufe bakinsa da kyau.

Na ji ka ce a garejin za ka ajiye janareto. Don Allah Hamma ka sake shawara. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, kuma yadda ka toshe ramuka haka take taruwa ta bi ta ƙofar ciki. A nan ko mota ba a bari tana aiki a gareji, gidaje kuma na da ƙararrawar da ke ihu in ta shaƙi iskar. Ƙarama ce mai batir, zan ba mai zuwa guda biyu, ɗaya taka ɗaya ta ɗakin Dada. A gina wa janareton ɗan ɗakinsa a waje, nesa da tagogi.

Ka turo mini awon bakin garejin da kuma inda yake kallo, in zana yadda za a jera soson ka nuna wa mai waldar. A gaida Dada da Goggo da yara duka.

Ƙaninka.