Manhajar raba maki ko mai horarwa: amsa ga Malama mai makarantu shida

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce kuɗin da aka ware wa makarantunku shida abu ɗaya zai iya: ko a sayi manhajar waya da malamai ke bai wa yara maki da ita, a baza ta ko'ina lokaci guda, ko a ɗauki mai horarwa a kafa tsarin PBIS, wato tsarin koya wa yara kyawawan ɗabi'u da tallafa musu a makaranta baki ɗaya, sannu a hankali. Duka biyun sun ratsa ta hannuna, kuma ɗaya daga ciki har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Manhajar muka fara saye. A zangon farko yara sun yi ta murna, suna tara maki suna karɓar 'yan kyaututtuka. Kafin zango na biyu ya ƙare rabin malamai sun daina buɗe ta, sauran kuma kowa yana rabo yadda ya ga dama. Abin da ake yaba wa yaro a kai a aji huɗu, shi ake yi masa tsawa a kai a aji biyar. Alherinta ɗaya da zan iya faɗa, ba ta kuskuren ƙirga maki.

Mai horarwar da muka ɗauka daga baya ba ta fara da yara ba, da mu ta fara. Ta ce ba za a ƙaddamar da komai ba sai aƙalla kashi 80 cikin 100 na ma'aikata sun amince, har mai gadi da masu shara. Muka kafa kwamiti, shugaban makaranta na ciki da kansa. Tsarin yana so a zaɓi ɗabi'u uku zuwa biyar kawai, mu muka tsaya a uku: ka mutunta kowa, ka riƙe nauyin da ke kanka, ka kiyaye lafiyarka da ta wasu. Sannan muka koyar da su kamar yadda ake koyar da lissafi. Aji bayan aji muka fito da yara zuwa baranda, filin wasa da bakin banɗaki, muna nuna musu a aikace me ake nufi da mutunta kowa a wannan wurin. Muka kuma zauna muka raba laifuka: wannan malami zai gama da shi a aji, wancan sai ofis. Hukunci bai tafi ko'ina ba, ya dai zama iri ɗaya a hannun kowa.

Abin da ya buɗe mini ido wata 'yar takarda ce. Duk yaron da aka tura ofis sai a rubuta me ya yi, a ina, da ƙarfe nawa. Da muka tattara na wata biyu, sai ga yawancin faɗace-faɗacen a wuri guda suke, ƙasan matakala, cikin 'yan mintunan dawowa daga hutun tara. Shekara da shekaru muna cewa yaran bana ba sa jin magana, ashe ajujuwa huɗu muke turowa ta ƙofa ɗaya. Muka raba lokacin shigarsu, malamai biyu suka riƙa tsayawa a wurin suna gaishe da yara da sunayensu. Wurin ya yi tsit.

Tsarin hawa uku ne. Na farko na kowa da kowa ne, kuma ana kiyasta yana isar kusan kashi 80 na yara. Kusan kashi 15 suna buƙatar ƙarin kulawa a ƙananan rukuni, kusan kashi 5 kuma sai an yi wa kowanne nasa shiri. A hawa na biyu muke da wani yaro ɗan shekara tara wanda kusan kullum yana bakin ofis. Aka haɗa shi da malamar ɗakin karatu. Da safe ya je wurinta ta gaishe shi ta ba shi kati, bayan kowane darasi malami ya sa masa alama ya faɗa masa kalma ɗaya, a tashi ya koma wurinta su duba tare, ya kai gida a sa hannu. Wata rana na hango shi a guje da katin a sama, ya wuce ni ko kallona bai yi ba, yana ƙwala mata kira tun daga nesa don ta ga ya cika. Ta ajiye littattafan da ke hannunta ta karanta katin layi bayan layi. Yaron nan wani babban mutum yake nema wanda zai jira shi a ƙarshen yini, kuma wannan ba ya cikin waya.

Kada ki tsaya a labarina kawai. Catherine Bradshaw da abokan aikinta sun bi makarantun firamare 37 a jihar Maryland ta Amurka tsawon shekara biyar, wasu an horar da su wasu ba a horar ba, an kuma raba su ta hanyar ƙuri'a. Sakamakon da suka fitar a 2010 ya nuna raguwar dakatar da yara da tura su ofis a makarantun da aka horar. Sai dai hanyar tana cin lokaci. Ki sa a ranki shekara uku zuwa biyar kafin ta kama ƙasa, kuma taron kwamiti na wata-wata ba ya tsallakuwa. Za ki ji wasu malamai na cewa yabon yaro cin hanci ne. Ki kai su ajin da ake yi su zauna su gani, gardama ba ta shawo kansu.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu talla. PBIS ba hajar wani kamfani ba ce. Ya fito ne daga aikin George Sugai da Robert Horner da abokansu a Jami'ar Oregon. Gyaran da Amurka ta yi wa dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman a 1997 ya ambaci irin wannan tallafi, a 1998 kuma gwamnati ta ɗauki nauyin cibiyar da ke yaɗa shi. Shi ya sa jagororinsa suke kyauta a shafin pbis.org, har da ma'aunin TFI da makaranta ke auna kanta da shi ta ga ko tana bin tsarin yadda ya kamata. Wanda ya sayar mana da manhaja ya ce da bitar yini ɗaya mun zama makarantar PBIS, har da takardar shaida mai hatimi. Sai daga baya muka ga sabunta rajista na kowace shekara a ƙasan yarjejeniya, da muka ce za mu fita kuma karɓo bayanan yaranmu ya zama aiki. Duk wanda ya zo miki, ki tambaye shi sau nawa zai dawo cikin aji bayan bita, wa ke da mallakar bayanan yara, kuma wace makaranta ce ta shekara uku da kayansa da za ki iya zuwa ki gani da idonki.

Ki ɗauki mai horarwa. Kada ki fara da shida. Ki zaɓi biyu da shugabanninsu ke so da gaske, domin inda shugaba ya ja baya malamai ma ja suke yi. Ki kafa ƙaramin kwamiti a matakinki mai duba alƙaluman makarantun kowane zango, takardar rubuta laifi ta zama iri ɗaya a duka shidan tun yanzu, kuma duk sabon malami a horar da shi kafin ya shiga aji. Shekara mai zuwa malaman waɗannan biyun su ne za su koya wa sauran huɗun. In kuɗi ya ragu, ki biya wa kwamitocin lokacin zama.