Na'urar IPL ta gida ko leza a wurin likita: amsa ga mai gashin haɓa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce ke baƙa ce, gashi yana fito miki a haɓa da wuya, kuma kina tsakanin sayen ƙaramar na'urar nan ta IPL mai rage gashi da haske da ake tallatawa a Instagram da zuwa a yi miki leza. Kada ki sayi na'urar. Tawa tana nan a ƙasan akwati shekara huɗu ke nan, ban sake kunna ta ba, kuma ban iya ba wa kowa ita kyauta ba don ba na son ɗaukar alhaki.

Sau uku kacal na yi amfani da ita. A na uku ne ƙasan haɓata ya yi bororo, da ya warke ya bar mini baƙaƙen tabo masu kusurwa huɗu, daidai siffar bakin na'urar, kusan wata takwas kafin su dushe. Gashin kuwa ko gezau. Abin da zan iya faɗa na kirki a kanta shi ne, ga mace fara sol mai baƙin gashi tana iya rage gashin ƙafa da na hammata idan an jure ana yi. Ni da ke ba mu cikinsu.

Dalilin ba wani ɓoyayyen abu ba ne, sai dai mai talla ba zai gaya miki ba. Da IPL da leza duk abu ɗaya suke farauta, wato melanin, sinadarin da ke sa gashi ya yi baƙi. Hasken yana shiga, baƙin gashin ya zuƙe shi ya yi zafi, zafin ya gangara ya kashe saiwar. To, wannan melanin ɗin dai shi ne a fatarmu. Idan fata fara ce gashi baƙi, haske bai da abin kamawa sai gashin. Idan fata baƙa ce gashi baƙi, fatar ma tana zuƙar hasken tun kafin ya isa saiwa, daga nan ƙuna take zuwa. IPL ba ma leza ba ce. Fitila ce mai walƙiya da ke watso haske iri-iri a haɗe, masu tsawon zango daga wajen nanomita 500 zuwa 1200 (da nanomita ake auna tsawon zangon haske), kuma gajerun cikinsu su ne saman fatarmu ya fi kamawa. Shi ya sa manyan kamfanonin da ke ƙera na'urorin gida suke buga jadawalin launin fata a jikin kwali, su nuna cewa mataki na ƙarshe, wato mafi duhu, bai kamata ya yi amfani da su ba, wasu ma suna da ido a baki da ke hana su walƙiya idan fatar ta yi duhu da yawa. Tawa ba ta da wannan idon. Mai sayarwa ta ce mini wannan ita ce falalarta, wai tana aiki a kowace irin fata.

Likitocin fata suna da ma'auni da wani likita na Harvard, Thomas Fitzpatrick, ya fito da shi a 1975, yanzu mataki shida ne, daga farin da rana ke ƙona shi nan take zuwa baƙi wuluk. Yawancinmu muna na biyar ne ko na shida, masu haske a cikinmu na huɗu. Ki riƙe wannan, domin duk wanda zai ɗora miki haske a fuska ya kamata ya fara da tantance matakinki.

Leza kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai alexandrite mai nanomita 755, ita ce ta fi ƙarfi a kan farar fata, ita ce kuma ta fi saurin ƙona mu. Akwai diode mai wajen 810, tana tsakiya, ƙwararre yana iya yi wa mai matsakaicin duhu da ita idan ya rage ƙarfi ya sanyaya fata sosai. Sai Nd:YAG mai 1064, wadda haskenta ke wuce saman fata ba tare da melanin ya kama shi da yawa ba, ya nutsa can inda saiwar take. Wannan ita ce tamu. Ki rubuta lambar a wayarki: 1064.

Ni na tsige gashin haɓata da hantsaki tun ina shekara sha tara. Kullum da asuba bayan salla, gaban madubi, kafin kowa ya tashi. Idan zan kwana a gidan biki hantsakin ne farkon abin da nake sakawa a jaka. Bayan ƙunar nan wata yayata ta matsa mini sai na ga likitan fata, na tafi a kunyace, na ja hijabi har saman haɓa. Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta duba tabon, ta tambaye ni al'adata, na ce takan yi wata biyu uku ba ta zo ba. Ta tambayi ƙiba, ta tambayi ƙuraje. Ranar ba ta taɓa ni da leza ba, gwajin jini da hoton mara ta rubuta mini, aka gano ina da PCOS, wata matsalar ƙwan mace da ke rikita al'ada, ta kuma sa sinadarin maza ya yi yawa a jiki. Ta ce in jira tabon ya lafa, in daina tsiga gaba ɗaya, reza kawai. Wannan ya fi komai yi mini wuya, don tun muna yara ake ce mana reza tana sa gashi ya yi kauri. Ba ta sa shi, bakin da ta yanke ne yake da kaifi a hannu. Tsiga da halawa da zare su ne matsala kafin leza, domin suna tumɓuke gashin daga saiwa, hasken ya zo bai tarar da abin kamawa ba. Aƙalla mako huɗu ake so ki bar su.

Da lokaci ya yi ta gwada ɗan wuri kaɗan a ƙasan muƙamuƙi, ta ce in tafi in dawo bayan mako. Ba bororo, ba tabo. Sannan muka fara. Ana ba ki tabarau na musamman, ana hura miki iska mai sanyi, zafin kamar a ja roba a sake miki a fata, ki ji ƙaurin gashi. Haɓa da wuya ba su kai minti goma sha biyar ba. Wurin ya ɗan yi ja da ƙananan kumburi a gindin kowane gashi, kafin dare ya sauka. Bayan kamar kwana goma ina alwala na shafa haɓata, sai na ga gashi a tafin hannuna yana zubowa da kansa. Na tsaya a banɗaki na yi kuka. Ban san yadda abin ya danne mini zuciya ba sai ranar. Bayan zama na biyar na tafi bikin ƙanwar maigidana har kwana huɗu, sai da na dawo gida ina kwance kaya na lura ban tafi da hantsaki ba.

Zama takwas na yi, tsakanin kowanne mako huɗu zuwa shida. Dole a yi ta komawa saboda gashi ba ya girma lokaci ɗaya, wasu suna tsiro wasu suna hutawa, leza kuma masu tsiro kawai take kashewa. Duk wanda ya ce miki zama ɗaya ko biyu an gama, ƙarya yake. Kuma ko hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka abin da ta amince a ce game da leza shi ne tana rage gashi na dindindin, ba wai tana kawar da shi kakaf ba. Ni har yau nakan koma sau ɗaya ko biyu a shekara, domin PCOS tana ci gaba da tayar da sababbi. Abin da ya rage siriri ne, sai na matsa kusa da madubi nake ganinsa.

Wannan maganar ta PCOS kada ki tsallake ta. Idan gashin mai kauri ne irin na maza, a haɓa ko ƙirji ko ƙasan cibiya, ga al'ada tana wasa, ki fara ganin likitan mata ko na fata. Leza tana kashe saiwar da ke nan ne, ba ta hana jiki ƙirƙiro wata. Likita yana iya haɗa miki da magani mai rage ƙarfin sinadarin maza a jiki, irin su spironolactone ko ƙwayar tsarin iyali, amma ba a shansu da ka, kuma spironolactone ba na mai neman ciki ba ne. Idan kuma gashin ya taso ne farat ɗaya cikin 'yan watanni, murya tana kauri, wannan asibiti ne kai tsaye, a bar zancen kwalliya tukuna.

Wadda leza ta fi yi wa aiki a cikinmu ita ce mai gashi baƙi, mai kauri, irin wanda idan an aske ake ganin ɗigonsa. Furfura ba ta da melanin, don haka ko sau ɗari aka haska ta tana nan. Goggona ta so bin sawuna, likita ta duba ta ce rabin gashin haɓarta fari ne, ta tura ta wajen masu cirewa da allurar lantarki, wadda ake bin gashi ɗaya bayan ɗaya ana ƙona saiwarsa. Tsohuwar hanya ce, wani likitan ido a Amurka, Charles Michel, ya fara ta a 1875 don gashin ido mai juyawa ciki. Ba ruwanta da launin gashi, sai dai jinkiri, kuma mai yi dole ya ƙware don ita ma tana barin tabo a hannun ɗan koyo. Sannan idan abin da ke damun ki ɗan lallausan gashin kumatu ne irin na kowa, ki ƙyale shi. Wani lokaci haske mara ƙarfi yana tayar da irin wannan gashin ya ƙara kauri maimakon ya mutu, kuma an fi ganin haka a fuska da wuyan masu duhun fata. Na'urar gida da ƙarfinta kaɗan ne tana cikin abin da ake zargi da wannan.

Mai juna biyu ta jira ta sauka. Wadda ta sha isotretinoin don ƙuraje, yawancin likitoci sukan ce ta jira wata shida. Idan kina shan doxycycline ko wani magani mai sa fata ta kasa jure rana, ki faɗa. Idan jikinki yana yin tabo mai tudu, irin wanda ke tasowa bayan hujin kunne, ki faɗa kafin a fara. Wurin da ke da zane na tawada ko baƙin lalle ba a haska shi, rinin zai zuƙi hasken ya ƙone ki. Gira da kewayen ido kuwa kada ki yarda kowa ya kusance su da leza, ido ne a ƙasa. Ga masu tambaya ta fuskar addini, malamai da dama sun bambanta tsige gira da cire gemu ko gashin baki idan ya fito wa mace, sun halatta na biyun.

Sai wadda ba a son faɗa, man bilicin. Idan kina shafawa ki gaya wa likita gaskiya, ba zai kai ki ƙara ba. Yawancin haɗe-haɗen nan akwai sitiroid irin clobetasol a ciki, yana sa fata ta yi siriri ta ƙi warkewa da wuri, kuma shi kansa yana iya tsiro da gashi a fuska. Hasken da man ya ba ki bai mai da ke mai farar fata a wurin leza ba. Idan aka saita na'ura bisa launin da ake gani, ke za ki kwana a ciki.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, don nan ne aka fi cutar mutane. Shaguna da yawa suna rubuta leza a allo, abin da ke ciki kuma IPL ce, ko wata na'ura mara suna da aka manna wa takarda. Kafin ki biya ko kwabo ki tambayi sunan na'urar da lambar haskenta, ki ce a nuna miki jikinta. Manyan na'urori irin GentleMax Pro suna ɗauke da 755 da 1064 a jiki ɗaya, saboda haka ganin sunan bai isa ba, ki tabbatar a 1064 aka sa miki. Ki tambayi wa zai riƙe na'urar, kuma akwai likita mai rajista da MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, da ke duba aikin ko babu. Ki nemi hotunan mutane masu launinki da aka yi wa a wurin, ba hotunan Turawa da aka kwaso a intanet ba. Idan suka ce ba sai an yi gwajin ɗan wuri ba, ko suka matsa miki ki biya kuɗin zama goma a dunƙule yau yau don rangwame zai ƙare, ki ɗauki jakarki. Masu sayar da na'urar gida kuma, duk wadda ta rubuta "ta dace da kowace fata", ki ce ta ɗauko miki hoton jadawalin da ke jikin kwalin. Yawanci daga nan ba ta ƙara amsa saƙo.

Na san kuɗin leza ya fi na na'urar nesa ba kusa ba, kuma wuraren da ke da Nd:YAG na gaske sun fi yawa a Abuja da Legas, ga kuɗin mota. Ni ma sai da na shiga adashe. Amma ba sai kin yi duk jiki ba. Haɓa da wuya kawai ki biya wa, ƙafa da hammata ki bar su wa reza da halawa kamar yadda muka saba. Ki shirya zamanki yadda ba za ki sha rana sosai ba kafin da bayan kowane zama, ki sami man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, ki ɗaga wa dilka da turaren tsuguno mai zafi ƙafa na 'yan kwanaki a wurin da aka haska. Idan maigida yana fama da ƙurajen aski a wuya, wannan lezar dai tana yi musu aiki sosai, sai dai ya nuna iyakar wuyan da kyau, domin abin da ta cinye daga gemu ba lallai ya dawo ba.

Kuɗin da kika tara na na'urar, ki kai shi wurin likita a duba miki jini da mara a wannan watan. Daga yau ki ajiye hantsaki ki koma reza, yadda idan an ba ki ranar gwaji saiwoyin suna nan.