Maven da Gradle: wace siga ake ɗauka idan buƙatu sun saɓa?

Manhajar da aka rubuta da harshen kwamfuta na Java ba kasafai take tsayawa da ƙafarta ba, domin tana dogara da laburare, wato shiryayyun sassan manhaja da wasu suka rubuta, su ma kuma suna dogara da wasu. Rikici yakan taso idan biyu daga cikinsu suka buƙaci laburaren Guava, alal misali, ɗaya yana neman siga ta 20, ɗayan ta 31, alhali guda ɗaya ce kawai za ta shiga aikin. Maven da Gradle, kayan aikin da ke gina manhajar su tattaro mata laburarenta, kowanne yana da hanyarsa ta raba wannan gardama.

Maven, wanda gidauniyar Apache ke kula da shi, kusanci yake dubawa: sigar da ta fi kusa da tushen aikin, wato manhajar kanta, a jerin wanda ke dogara da wani, ita yake ɗauka, idan kuma nisansu ya zo ɗaya, sai ya bi wadda aka fara ambata a fayil ɗin pom.xml, inda ake jera laburaren da manhajar ke buƙata. Ƙa'idar tana da sauƙin fahimta, sai dai tana iya zaɓo tsohuwar siga, manhajar ta ginu lafiya lau, sai an kunna ta sannan ta tsaya da kuskuren NoSuchMethodError, saboda an kira aikin da babu shi a tsohuwar. Abin da ya fi ban takaici shi ne sauya wurin layuka biyu kaɗai yana iya canza sakamakon, shi ya sa ƙwararru ke ɗaure sigar a sashen dependencyManagement na fayil ɗin.

Gradle, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2012, yana tattara buƙatun duka ne ya ɗauki mafi girman lamba, bisa zaton cewa sabuwa ba ta zubar da abin da tsohuwa ke yi ba. A ganina wannan zato ya fi dacewa da yawancin ayyuka, ko da yake yakan rushe idan masu laburaren sun cire wani abu. Wanda bai yarda da shi ba yana iya kunna saitin failOnVersionConflict, ginin ya tsaya har ya zaɓa da kansa.