Diskin birki mai kwararo: na farin kwali da na asali, wanne ya cancanci kuɗinsa?

A shagunan kayan gyaran mota na Maradi za ka tarar da diskin birkin gaba iri biyu: na asali, da na farin kwali marar sunan kamfani wanda ya fi araha nesa ba kusa ba. A fuska duk ƙyalli ɗaya suke yi. Bambancin yana cikin kwararon iskar da ke tsakanin faranti biyun da suka haɗa diskin, inda ba kowane mai saye ke leƙawa ba.

Mota mai nauyin kilo 2500 da ke gudun kilomita 90 a awa, in ta tsaya cak, kusan kilojul 780 ne ke komawa zafi, kuma ƙafafun gaba ke ɗaukar wajen kashi biyu bisa uku. Ga diski mai kilo 8, taka birki ɗaya irin wannan na ƙara masa digiri 70 ko fiye. To ka lissafa tsayawar da Hiace mai lodi ke yi tsakanin Maradi, Cadawa, Agye da Tasawa a watan Afirilu, iskar da za ta huce shi ita kanta ta haura digiri 40.

Haƙarƙarin da ke cikin diski, wato ƙarafan da suka haɗa faranti biyun, fanka ne. Yana juyawa, yana zuƙo iska ta wajen cibiya yana watso ta ta baki. Iskar ba ta bin kwararon daidai wa daida: juyawar tana jingina ta da bango guda, wanda ke turo ta daga baya, shi ya fi hucewa, ɗaya bangon kuma iska kan yi kwance a gindinsa. Wannan karkata ce Coriolis ɗan Faransa ya yi bayaninta a 1835, ita ce kuma ke wahalar da masu ƙera fukafukan injin jirgin sama. Saboda haka yawan haƙarƙari, kaurinsu da tsabtar bakin kwararo ba ado ba ne.

A nan na farin kwali ya faɗi. An buɗe kwararon da yawa don a rage ƙarfe, farantan suka sirance. Ɗora shi a sikeli tare da tsohon na asali, sau da yawa tsohon da ya ci ya fi shi nauyi. Mafi muni, faranti guda kan fi ɗan'uwansa kauri saboda ƙwaryar yashin da ke fitar da kwararon ta goce lokacin zubin ƙarfe. Siririn ya riga zafi, ƙarfen ya buɗe ba daidai ba, sitiyari ya kama rawa in an taka birki. Haska tocila ciki, za ka ga ragowar yashin zubi da tsinin ƙarfe sun tare hanyar iska. Na asali cikinsa fes, kuma an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda a gefensa. Da yawa daga masu arahar ba su da wannan lamba ko kaɗan.

Amma fa ba kowace rawa ce laifin diski ba. In makanike bai kankare tsatsar cibiya ba, ko ya ɗaure notocin taya a jere maimakon a gicciye, na asali ma zai yi. A auna gocewar diski yayin da yake juyawa da agogon awo, kada ta wuce milimita 0.05. Mai lanƙwasasshen haƙarƙari yana da na dama da na hagu, in aka musanya, iskar da yake ja ta ragu. Bayan ɗaurawa, a taka birki sau takwas zuwa goma daga gudun kilomita 60 a awa zuwa 10 ba tare da tsayawa cak ba, don fuskar ta zauna. Kada yaran wanki su watsa wa diski mai zafi ruwa. Da damina kuma a zungure jar lakar da ke cushe kwararon.

Man birki ma yana cikin lissafin: nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha danshi ya kan sauko zuwa wajen 155, feda ta nutse.

Ƙaramar motar da ba ta wuce zirga-zirgar cikin gari za ta iya lallaɓawa da na farin kwali, in an duba kaurin farantan biyu an ga sun yi daidai. Motar haya mai bin hanyar Damagaram ko Dan Isa da fasinja da buhuna a sama, a saya mata na asali.